Kitsen jini da ciwon zuciya kafin tsufa: amsa ga wani manomi daga ƙasar Ringim

Tambayar ta fito ne daga wani magidanci mai shekara 39 a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Ringim. Yayansa ya rasu a gona yana da shekara 46, jim kaɗan bayan ya dafe ƙirji yana gumi, mahaifinsu ma bai kai 50 ba ya rasu ba tare da jinya ba. Da hankalinsa ya tashi sai ya je aka gwada jininsa, takarda ta nuna awon nau'o'in kitsen jini kamar haka: jimillar kolestarol 7.8, LDL 6.0, HDL 1.1, TG 1.5, awon hawan jini kuma 150/95. Ya ce shi siriri ne, noma yake yi damina da rani, nama sai ranar kasuwa, taba kuwa kara uku ko huɗu a yini. Yana so ya san ta ina kitse ya shiga jininsa, ko shi ne ya yi ajalin 'yan'uwansa, da kuma abin da ya kamata ya yi.

Malam, Allah Ya jiƙan mahaifinka da yayanka, Ya kai haske kabarinsu, ku kuma Ya ba ku haƙurin rashi. Takardar da ka aiko ba ta wasa ba ce, kuma rashin ƙibarka bai kare ka daga komai ba. Ga mai lafiya ana son jimillar kolestarol ta tsaya ƙasa da 5.2, LDL kuma ƙasa da 3.0, naka kuwa ya ninka haka. Duk lokacin da aka ga LDL ya haura 4.9 a jikin baligi, sannan ga uba ko wa da ciwon zuciya ya ɗauke kafin shekara 55, abin da likita zai fara zargi shi ne yawan kolestarol na gado, wanda ba ruwansa da ƙiba ko rama, ba kuma ruwansa da yawan naman da mutum yake ci. Cuta ce mai magani, kuma an gan ta a jikinka tun da sauran lokaci.

Kolestarol ba guba ba ne. Wani nau'in maiƙo ne da kowace ƙwayar halitta take buƙata domin gina fatar da ta lulluɓe ta, da shi jiki yake haɗa sinadaran jinsi na maza da na mata, da shi kuma hanta take yin ruwan matsarmama mai narkar da maiƙon abinci. Mafi yawan wanda yake yawo a jini jiki ne da kansa yake ƙera shi, musamman hanta, abin da ke shigowa ta baki ƙarami ne a kansa. Da yake maiƙo ba ya gauraya da ruwa, jini kuwa ruwa ne mafi yawansa, sai jiki yake ƙunshe maiƙon a cikin wasu ƙananan ƙwayoyi masu ɓawon furotin, su ne ake kira lipofurotin, kuma sunayensu ne haruffan da ka gani a takardarka. Hanta tana fitar da babbar ƙwaya mai suna VLDL ɗauke da ainihin maiƙon da jiki ke ƙonawa ya sami ƙarfi, wato TG. Idan ta sauke wannan kaya a tsoka da ma'ajiyar kitse sai ta ƙanƙance ta koma LDL, wadda abin da ya rage a cikinta galibi kolestarol ne. LDL yakan yi kwana biyu zuwa uku yana zagaye a jini kafin hanta ta kama shi ta hanyar wasu makamai, wato wuraren kamu da ke jikin ƙwayoyinta, ta janye shi. Yawan LDL a jinin mutum ya dogara ne ƙwarai a kan yawan waɗannan makamai da ingancinsu.

Matsala tana farawa ne idan LDL ya yi yawa kuma ya daɗe. Ƙwayoyinsa suna ratsa siririyar shimfiɗar da ke cikin jijiyar jini, su shige cikin bangon jijiyar su maƙale, su lalace a can. Fararen ƙwayoyin jini sukan zo su haɗiye su, su cika da maiƙo su mutu a wurin, a hankali sai wani tudu ya taso a cikin bangon, jiki kuma ya rufe shi da wani ɓawo. Jijiyoyin da ke ciyar da tsokar zuciya kaurinsu bai wuce milimita 3 zuwa 4 ba, saboda haka tudun da bai taka kara ya karya ba a wani wuri yana da illa a nan. Idan ya girma a hankali har ya matse hanya, mutum yakan ji nauyi a ƙirji in yana aikin ƙarfi, in ya huta ya lafa. Amma abin da ya fi kashe masu ƙarancin shekaru daban ne: ɓawon ne yake tsagewa farat ɗaya, jini ya daskare a kan tsagar, gudan jinin ya toshe jijiyar cikin 'yan mintuna. Sau da yawa tudun da ya tsage bai toshe ko rabin hanyar ba kafin ranar, shi ya sa mutum zai yi huɗa jiya lafiya ƙalau, yau a ce ya faɗi. Tsokar da jini ya yanke mata tana fara mutuwa cikin rabin awa, kuma bayan 'yan sa'o'i mafi yawan ɓarnar ta gama faruwa.

Abin da nake so ka riƙe da kyau shi ne wannan ɓarna tana bin abu biyu a tare, yawan LDL da yawan shekarun da jijiya ta yi tana fama da shi. A 1953 likitocin sojan Amurka sun wallafa abin da suka gani a zukatan sojoji 300 da aka kashe a yaƙin Koriya, waɗanda matsakaicin shekarunsu 22 ne, inda kusan kashi 77 cikin ɗari aka same su da alamar wannan taruwa a jijiyoyin zuciya. Daga baya wani dogon bincike a garin Bogalusa na Amurka, wanda ya bi yara tun daga shekarun 1970, ya nuna cewa a cikin matasan da suka rasu ta haɗari, gwargwadon yawan abubuwan haɗarin da aka auna musu da ransu, gwargwadon faɗin ɓarnar da aka tarar a jijiyoyinsu. Lamarin kamar katangar ƙasa ne da ruwan indararo yake zuba a gindinta: ba ruwan daren da ta faɗi ne ya kayar da ita ba, daminar da ta gabata da wadda ta gabace ta duk suna da kaso. Wanda LDL ɗinsa yake 3.0 yana iya kai wa 70 kafin ɓarnar ta isa ta cutar da shi, wanda aka haifa da 6.0 kuwa yana tara irin wannan ɓarnar a rabin lokacin. Akwai hujja kuma daga ɗaya ɓangaren, daga jinin baƙar fata ma. A 2006 masu bincike a Dallas sun ba da rahoto kan baƙaƙen fatar Amurka da aka bi shekara 15, waɗanda kusan ɗaya cikin 40 daga cikinsu suka gaji wani sauyi a ƙwayar gado mai suna PCSK9. LDL ɗinsu ya gaza na sauran da kashi 28 cikin ɗari kacal, amma ciwon jijiyoyin zuciya ya ragu a cikinsu da kashi 88, domin tun daga haihuwa suke cin moriyar wannan ragi.

Yawan kolestarol na gado akasin wannan ne. Michael Brown da Joseph Goldstein ne suka gano makaman hanta da na ambata, suka kuma nuna cewa masu wannan cuta rabin makamansu ba sa aiki, aikin da ya sa aka ba su lambar yabo ta Nobel a 1985. Kimanin mutum ɗaya cikin 250 a duniya yana ɗauke da ita, mafi yawansu ba su sani ba. Idan ba a yi magani ba, kusan rabin mazan da ke da ita ciwon jijiyoyin zuciya yana kama su kafin shekara 50, mata kuma yakan jinkirta musu da kimanin shekara goma. Wasu suna da alama a jiki: kaurin agarar da ke bayan dunduniya, ƙananan ƙulle-ƙulle a bayan yatsun hannu, rawayen tabo a fatar ido, ko farin zobe kewaye da baƙin ido tun kafin shekara 45. Ka duba jikinka, ka kuma tuna ko ka taɓa ganin irin wannan a jikin marigayan, amma rashin alamar ba ya wanke mutum. Daga uwa ko uba ɗaya ake gadonta, kuma duk ɗan da mai ita ya haifa, namiji ko mace, damarsa ta gadonta rabi da rabi ce. Wannan yana nufin ƙannenka, 'ya'yanka da marayun da yayanka ya bari duk suna buƙatar gwaji, haka ma baffanninka da gwaggonninka. Akwai kuma abin da ya shafi auren zumunci, wanda yake da yawa a garuruwanmu. Idan miji da mata duk sun gaji cutar daga kaka ɗaya, ɗaya cikin huɗu na haihuwarsu yana iya gadonta ta ɓangare biyu, irin wannan yaro kuwa LDL ɗinsa yakan haura 13, ciwon zuciya ya kama shi kafin ya kai 20. Ba ina cewa a fasa zumunci ba ne, ina cewa gidan da aka sami wannan cuta ya dace a gwada masu shirin aure, kamar yadda aka saba gwajin sikila.

Kafin a tabbatar da gado, likita zai maimaita gwajin, sannan ya kawar da wasu dalilai da su ma suke ɗaga LDL: raunin aikin ƙullin maƙogwaro da yake kumbura ya zama maƙoƙo, ciwon ƙoda mai zubar da furotin a fitsari, ciwon suga, da wasu magunguna. Cikin magungunan akwai ƙwayoyin ƙara ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda suke ɗaga kitse da suga da hawan jini gaba ɗaya.

HDL ɗinka 1.1 da TG 1.5 suna cikin iyaka, ba kuma su ne damuwarka ba. An daɗe ana kiran HDL kitse mai kyau saboda yana kwaso kolestarol ya mayar wa hanta, kuma masu ƙarancinsa, wato ƙasa da 1.0 ga maza da 1.3 ga mata, sun fi kamuwa da ciwon. Sai dai magungunan da aka ƙera domin ɗaga shi ba su rage bugun zuciya ba da aka gwada su, don haka yau ana ɗaukarsa alama ce ta yanayin jiki, kuma yawansa ba ya goge laifin LDL mai yawa. TG kuwa yana hawa ne da tumbi, sukari, lemon kwalba, fulawa, giya da ciwon suga, kuma ana son ya tsaya ƙasa da 1.7. Akwai wata ƙwaya da ba ta cikin takardarka amma ta shafi gida irin naku, ita ce Lp(a), wadda aka gano a ƙasar Norway a 1963. LDL ce da aka liƙa wa ƙarin furotin, tana ƙara taruwar maiƙo a bango tana kuma taimaka wa daskarewar jini. Yawanta kusan duka gado ne, abinci da motsa jiki ba sa canza ta, kuma 'yan asalin Afirka sun fi sauran jinsuna yawanta. Sau ɗaya ake auna ta a rayuwa. Idan ka sami hali a babban ɗakin gwaji a Kano ka auna, domin in ta haura 50 mg/dL dalili ne na ƙara tsananta wa LDL da sauran abubuwan da ake iya gyarawa.

Sauran abubuwan haɗarin ba tarawa ake yi da su ba, ninkawa suke yi. Tun binciken garin Framingham na Amurka da aka fara a 1948 aka san haka, amma wanda ya fi kusa da mu shi ne INTERHEART da aka wallafa a 2004, wanda ya duba mutum kusan 30,000 a ƙasashe 52, har da na Afirka. Ya gano cewa abubuwa tara ne suke da alhakin kusan kashi 90 cikin ɗari na bugun zuciya na farko, kuma lalacewar kitsen jini da shan taba su ne kan gaba. Taba ita kaɗai tana ninka haɗari kusan sau uku, ciwon suga sama da sau biyu, hawan jini kusan sau biyu. Da ukun suka haɗu a mutum ɗaya haɗarin ya kai ninki 13, da aka ƙara lalacewar kitse a kai ya haura ninki 40. Dalilin a fili yake idan ka tuna yadda tudun yake tasowa: hawan jini da hayaƙi da suga suna raunata shimfiɗar jijiya su buɗe wa LDL hanya, taba kuma tana sa jini saurin daskarewa ranar da ɓawon ya tsage. Kai kana ɗauke da uku daga ciki, wato taba da kitse da alamar hawan jini, ga gado a kai.

Kara uku ko huɗu da kake ganin kaɗan ne, ga zuciya ba kaɗan ba ne. Wani babban nazari da ya tattara bincike masu yawa a 2018 ya nuna cewa mai shan kara ɗaya a yini yana ɗauke da kusan rabin ƙarin haɗarin mai shan 20. Ragewa ba ta wadatar ba, sai bari, kuma wannan shi ne maganin da ba ka biyan ko kwabo a kansa, amfaninsa kuma yana fara bayyana tun a shekarar farko. Komawa shisha ko anwuru ba mafita ba ce.

Hawan jini ya cancanci a tsaya a kansa, domin a ƙasar nan yana cikin manyan masu kisa, kusan ɗaya cikin uku na manya suna da shi, da yawa kuma ba su taɓa ɗaura abin awo a damtse ba. Awo ɗaya ba ya yanke hukunci, amma idan aka maimaita a ranaku daban-daban aka ga yana kai wa 140/90 ko sama, to ya tabbata, kuma ba sai an ji ciwon kai ko jiri ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son gishirin da mutum yake ci a yini ya gaza giram 5, kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma wannan lissafi ya haɗa da dunƙulen miya wanda kusan rabinsa gishiri ne, da yajin tsire, da kayan ɗanɗanon taliyar leda. Kanwa ma tana ɗauke da sinadarin da ke cikin gishiri mai ɗaga jini. Wani abu da manoma ba sa lissafawa shi ne ƙwayoyin gajiya da ake saya a kemis ko a tiren masu talla bayan an taso daga gona, irin su diclofenac da ibuprofen. Shan su kullum yana ɗaga jini, yana taɓa ƙoda, yana kuma ƙara haɗarin bugun zuciya ga wanda jijiyoyinsa suka riga suka taɓu. Ka kuma gwada suga, domin ba ta cikin takardar da ka aiko.

Game da ko wannan ne ya yi ajalin yayanka da mahaifinka, bayanin da ka bayar, ciwon ƙirji da gumi da mutuwa cikin gaggawa a wannan shekaru, tare da sakamakon jininka, ya yi daidai da toshewar jijiyar zuciya. Ya kamata dai a sani cewa ba duk ciwon zuciyar da ke kama masu ƙarancin shekaru a karkarar Kano da Jigawa ne yake da alaƙa da kitse ba. Wanda aka fi gani a asibitocinmu shi ne gazawar zuciya saboda hawan jini da aka daɗe ba a kula da shi ba, sai lalacewar ƙofofin zuciya da ke biyo bayan ciwon maƙogwaro na yarinta da ba a yi wa magani ba, sai kuma raunin zuciya na masu jego, wanda yankinmu yana cikin inda ya fi yawa a duniya. Waɗannan sukan zo da kumburin ƙafa da haki da kasa kwanciya rigingine. Toshewar jijiyoyin zuciya a da ba a cika ganinta a ƙauye ba, lokacin da gero da dawa da wake ne abinci, ƙafa kuma ita ce abin hawa. Yanzu babur ya maye gurbin tafiya, shayi mai sukari da burodi sun zama karin kumallo, kuma da yake muna binne mamatanmu cikin sa'o'i ba tare da binciken gawa ba, da yawa daga cikin irin wannan mutuwa ana cewa kawai ya faɗi ne, ko a jingina ta ga iska ko sammu. Wannan jinginawar tana da tsada, domin tana hana a gwada waɗanda suka rage.

Abinci yana da tasiri, amma gara ka san iyakarsa tun yanzu. Kitse mai daskarewa yana rage aikin makaman hanta, shi ya sa yake ɗaga LDL. Kusan kashi biyu cikin uku na man shanu irin wannan kitse ne, manja kusan rabi, man gyaɗa kuwa bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba. Saboda haka ka rage man shanu a tuwo, ka bar kakide da kitsen balangu da kayan ciki, ka riƙe man gyaɗa ko na waken suya daidai gwargwado. Ka guji abin da aka soya da man da ya yi baƙi don maimaici, da kitsen da aka daskarar a masana'anta, wanda hukumar NAFDAC ta ƙayyade kada ya wuce giram 2 a cikin giram 100 na mai. Abincinmu na asali yana tare da kai: tuwon dawa da na gero, wake, miyar kuka da kuɓewa waɗanda yauƙinsu yake riƙe wani ɓangare na kolestarol a hanji, zogale, rama, gyaɗa, riɗi, da kifin da ake samu daga fadamun Haɗejiya. Fura da nono ba laifi in ba a cika sukari ba. Amma duk ƙoƙarin da za ka yi, abinci yakan rage LDL da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ne, wato daga 6.0 ya sauko wajen 5.2, kai kuwa abin da kake buƙata shi ne a rage rabi ko fiye.

Wannan ragi magani ne yake kawo shi. Magungunan sitatin, waɗanda Akira Endo na Japan ya fara samowa daga fumfuna a shekarun 1970, suna rage kolestarol ɗin da hanta take ƙerawa, sai ita kuma ta ƙara makamai ta janyo na cikin jini. A 1994 wani gwaji kan marasa lafiya 4,444 a ƙasashen arewacin Turai ya nuna cewa simvastatin ya rage mace-mace da kashi 30 cikin ɗari cikin kimanin shekara biyar, gwaje-gwajen da suka biyo baya kuma sun nuna cewa duk ragin 1.0 a LDL yana rage bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da kusan kashi 22. Masu ƙarfi a cikinsu, atorvastatin da rosuvastatin, suna iya rage rabi, idan bai isa ba a ƙara wani maganin mai suna ezetimibe. Likita ne zai zaɓa maka, ya sake gwaji bayan wata biyu zuwa uku, kuma ga mai yanayinka ana neman LDL ya sauko ƙasa da 2.6 aƙalla, ƙa'idojin yanzu ma suna neman ƙasa da 1.8. Inda mutanenmu suka fi tuntuɓe shi ne su sha kwali ɗaya ko biyu, su ga gwaji ya yi kyau, su ajiye. Maganin ba ya gyara ƙwayar gado, in aka daina LDL yana komawa inda yake cikin 'yan makonni, don haka ka sa kuɗinsa cikin lissafin gida kamar na taki, ka kuma nemi likita ya rubuta maka samfurin da ya fi sauƙi. Sau ɗaya ake sha a yini, ba ya takura mai azumi. Wasu sukan ji ciwon tsoka, wanda sauya iri ko rage yawa yakan magance, amma in ciwon ya tsananta har fitsari ya yi duhu sai a tsaya a je asibiti. Mai ciki da mai shayarwa ba sa sha, kuma wanda yake kan maganin cuta mai karya garkuwar jiki ya gaya wa likita, domin wasu ba sa haɗuwa. Tafarnuwa da zogale da zuma da habbatussauda abinci ne masu kyau, ba na hana ka su, amma babu wanda zai sauko da 6.0 zuwa 2.6 a cikinsu, ƙaho ma ba ya tsotse kolestarol. Asfirin kuma kada ka ɗora wa kanka shan sa kullum sai da umarnin likita, saboda yana iya fasa gyambon ciki.

Yara a gidan da aka tabbatar da cutar ana iya gwada su tun daga shekara 5, a fara musu magani tsakanin 8 zuwa 10. A ƙasar Holand an bi irin waɗannan yara shekara 20, aka wallafa sakamakon a 2019: zuwa shekara 39, kashi 1 cikin ɗari ne kawai ciwon zuciya ya taɓa a cikinsu, alhali a cikin iyayensu da suka gadar musu cutar kashi 26 ne a wannan shekaru. Matan gidan ma kada a bar su a baya da tunanin ciwon maza ne, musamman wadda ta taɓa hawan jini ko jijjiga lokacin goyon ciki, ko wadda al'ada ta ɗauke mata da wuri, domin haɗarinsu ya fi na sauran mata.

Tun daga yau, idan kana huɗa ko hawan keke ka ji nauyi ko matsi a tsakiyar ƙirji wanda yake lafawa da hutu, kada ka jira ranar da aka ba ka, ka koma asibiti a makon. Idan kuwa matsin ya zo ya ƙi tafiya sama da minti 15, yana ratsa hannun hagu ko muƙamuƙi ko baya, da gumi ko tashin zuciya ko haki, kada a ce gyambon ciki ne a kawo kanwa ko madara, kada kuma a jira gari ya waye. A tauna asfirin miligiram 300 in ba ka da gyambo mai zubar jini ko jikinka ba ya ƙin sa, a nemi mota zuwa asibiti mafi kusa da yake da na'urar awon bugun zuciya ta ECG, ba kemis ba. Ka gaya wa maiɗakinka da babban ɗanka wannan tun yanzu, ku kuma san direban da za a kira da dare. Ranar da za ka koma wurin likita ka tafi da takardar nan, ka faɗa masa shekarun da mahaifinka da yayanka suka rasu da yadda suka rasu, ka nemi a yi maka ECG da gwajin suga da ƙoda, in da hali a tura ka sashen zuciya a asibitin Rasheed Shekoni da ke Dutse ko na Malam Aminu Kano, ka kuma tafi da ko da ɗaya daga cikin ƙannenka a ɗebi nasa jinin a ranar.